Lambu Cikin Kwali: Yadda Za Ka Reni Tsiro da Fitila Ba Tare da Zafi Ya Dafa Shi Ba

A watan Afrilun bara ɗan yayata, wanda ke aji biyar na sakandare a Gumel, ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce, "Kawu, zo ka ga lambuna." Na ɗauka tsakar gida za mu tsaya, sai na ga ya nufi ɗakin ajiya, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano ba silin. A ƙuryar ɗakin akwai katon kwalin talabijin. Ya ɗaga murfi, na leƙa: gwangwanayen madara goma sha biyu cike da ƙasa, kowanne da tsiron tumatir, ga kuma ƙwan lantarki guda biyu irin na da, masu jan zare a ciki, suna rataye a samansu. Duk wata kafa ta kwalin ya bi ta da salatif ya liƙe, wai don kada haske ya zube a banza.

Da na tura hannu ciki sai na ji kamar na leƙa tanderun gurasa. Tsirran sun riga sun kwanta, ganyensu ya yi laushi kamar an zuba musu ruwan zafi. Yaron ya ce ya ba su ruwa sau uku a ranar, kuma bai taɓa kashe musu fitila ba tun da suka fito. Ya kashe kuɗin tara na sati uku a kan iri da waya da ƙwayaye, ga shi kuma ya yi wa 'yan ajinsu alƙawarin zai kawo musu dashe kafin ruwan farko.

Tunaninsa ba shirme ba ne. A intanet ya ga yadda ake noman ganye a ɗakuna a Japan da Holan, ƙarƙashin fitilu, ba rana ba ruwan sama. Abin da hotunan ba su nuna masa ba shi ne manyan fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki da ke aiki dare da rana a bayan waɗannan fitilu. Shi ya kwafi fitilar, ya bar iskar.

Me ya kawo fitila a ƙasar rana?

Tambaya ce da ya kamata a fara yi. Ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba ta taɓa ƙarancin rana ba. Da tsakar rana, kowace murabba'in mita guda ta fili tana samun ƙarfin hasken da ya kai kimanin wat 1,000. Ƙwan LED ɗin da ke ɗakinku wataƙila wat 9 ne ko 15. Duk wanda ya ce maka zai noma kwandon tumatir a ɗaki da ƙwan lantarki a nan ƙasar, ya fi mai fangali a lambu riba, to ka ce masa ya sake lissafi. Riɗi da zoɓon da ake loda wa manyan motoci a Maigatari, har zoɓon ya dangana da Meziko, rana ce ta nunar da su kyauta.

Amfanin fitila yana wani wuri dabam: makonni uku zuwa biyar na farkon rayuwar tsiro. Mai son ya dasa tattasai ko attaruhu da saukar damina dole ya yayyafa iri tun Afrilu ko Mayu, daidai lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, rairayin jigawa kuma ya yi zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi. Mai shirin tumatirin rani kuma yakan yi renon iri a ƙarshen damina, lokacin da ruwa mai ƙarfi ke iya tumurmushe ƙananan tsirrai a dare guda. Ƙara da kaji, da awaki, da ƙadangaru, da fara. A irin wannan hali, ɗan akwatin da ke ɓoye a ɗaki mai sanyi yana iya tsirar da tsiro ɗari a wurin da bai fi faɗin tabarmar sallah ba. Ga ɗalibi kuma akwai riba ta biyu: babu wani aikin gwaji mai arha da ke haɗa Fiziks da Bayoloji da Aikin Gona wuri guda kamar wannan.

Kowane wat zafi ne

Abin da ya kashe tsirran ɗan yayata yana cikin littafin Fiziks na aji huɗu. Wat guda yana nufin jul guda na makamashi a kowace daƙiƙa. Ƙwan lantarki irin na da, mai zare, yana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa zafi. Ɗan abin da ya rage ne haske. Shi ya sa masu kiwon kaji ke rataya shi a kan 'yan tsaki lokacin sanyi. Murhu ne da ya ɗan iya haske.

Ƙwan LED ya fi shi nesa ba kusa ba. Da wat 10 yana ba da hasken da na da ke bayarwa da wat 60. Wannan ƙwai farin da kuke saya a kasuwar Gumel ya samo asali ne daga aikin wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka ƙera LED mai shuɗin haske, aka ba su lambar Nobel ta Fiziks a 2014. Shuɗin ne ake lulluɓewa da wani sinadari sai ya fito fari. Tsiro ya fi amfani da ja da shuɗi wajen haɗa abincinsa, kuma farin LED yana ɗauke da duka biyun, don haka ba sai ka nemi fitila mai ruwan hoda irin ta cikin hotuna ba.

Sai dai akwai inda mutane ke ruɗuwa. Sukan ce LED ba ya zafi. Taɓa gindinsa bayan awa guda ka ji. Kuma ko hasken da ya fitar, da zarar ya faɗa kan ganye ko ƙasa ko bangon kwali, kusan dukkansa zafi yake komawa. Abin da tsiro ke adanawa a jikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka, a cikin rufaffen akwati, fitilar wat 30 daidai take da ɗan murhu mai wat 30.

Bari mu yi lissafi, ku ɗauko biro. A ce akwatinka tsawonsa mita 1, faɗinsa rabin mita, tsayinsa mita 1. Iskar da ke ciki rabin kubik mita ke nan. Ana buƙatar kimanin jul 1,200 don a ɗaga zafin kubik mita guda na iska da digiri ɗaya, don haka akwatinka jul 600 kawai yake buƙata. Fitilar wat 30 tana zuba jul 30 kowace daƙiƙa. Raba 600 da 30: daƙiƙa 20. Da a ce babu inda zafin ke fita, duk bayan daƙiƙa 20 akwatin zai ƙara digiri ɗaya. A zahiri bangon kwali yana yoyon zafi, ƙasa da ruwa ma suna shanye wani, shi ya sa ba ya kama da wuta cikin rabin awa. Amma yaron nan wat 120 ya rataya, a ɗakin kwano, a watan Afrilu, ya kuma toshe ƙofofi.

Abin da ganye ke yi idan ya ji zafi

A ƙarƙashin kowane ganye akwai dubban ƙananan kafofi da ido ba ya gani, waɗanda malamin Bayoloji ke kira sitomata. Ta nan iskar kabon ke shiga don a haɗa abinci, ta nan kuma ruwa ke fita a matsayin tururi. Fitar ruwan nan ita ce zufar tsiro, da ita yake sanyaya kansa. Idan zafi ya yi yawa har ruwan da ke fita ya fi wanda saiwa ke iya jawowa, sai tsiro ya rufe kafofin don ya tsira da ɗan abin da ya rage. Da ya rufe, abu biyu sun faru: zufa ta tsaya, ganye ya ƙara zafi, iskar kabon ta daina shiga, abinci ya tsaya. Haske na zuba a kansa amma ba ya amfana da komai. Ƙaramin tsiro mai ganye biyu da saiwa kamar zare ba ya daɗewa a haka.

Kowane iri da iyakarsa. Irin tumatir ya fi son tsirowa tsakanin digiri 20 zuwa 30. Idan ƙasa ta kai 35 sai fitowarsa ta yi wahala. Tattasai da attaruhu sun ɗan fi shi son ɗumi. Irin latas kuwa, da zarar ƙasa ta kai wajen digiri 30, yakan yi barci ya ƙi fitowa sam, kai kuma ka yi ta zagin mai kanti cewa ya sayar maka da matacce. Babban tumatir ma idan zafin rana ya wuce 32 zuwa 35 furensa kan zube bai ƙulla 'ya'ya ba, wannan na daga cikin dalilan da ke sa tumatir tsada tun daga ƙarshen bazara har cikin damina.

Akwai kuma matsalar da ba ta zafi ba. Iskar kabon ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa ba ta wuce kashi 0.04 cikin 100 ba. A rufaffen akwati mai cike da ganye, tsirrai kan cinye ta da sauri, su zauna da yunwa ga haske ga ruwa. Tururin da suke fitarwa kuma ya taru, laima ta cika wurin, fumfuna ta samu gida. Cutar da manoman lambu suka fi sani a wurin reno daga nan take: ka kwana da tsiro lafiya lau, ka tashi ka tarar gindinsa ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa, ya faɗi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, cunkoso da iskar da ba ta motsi su ne abokan wannan cuta, kuma tsiron da ta kayar ba ya tashi.

Ƙofar shiga a ƙasa, ƙofar fita a sama

Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka sama take yi. Magina na da sun san wannan tun kafin a kawo littafi: dubi tsohon soro, kaurin bango da 'yar taga can sama kusa da azara. Akwatinka haka yake so. Ka huda kafar fita a can sama, kusa da fitila, ka huda ta shiga a ƙasa ta ɗaya gefen, don iska ta ratsa tsirrai kafin ta fice. Kafar shiga ta fi ta fita girma, ko da ninki biyu ne. Ka rufe ta da ƙyallen tsohon gidan sauro saboda ƙwari, musamman farin ƙuda, ɗan mitsitsin nan da ke ɗauko cutar nannaɗewar ganyen tumatir.

A lokacin hunturu wannan kaɗai kan isa. A bazara sai da fanka. Ga yadda za ka san girman da kake buƙata. Idan kana son zafin akwatin kada ya wuce na ɗakin da fiye da digiri 2, kowane kubik mita na iska da ya ratsa zai kwashe jul 2,400. Fitilar wat 30 tana zuba jul 108,000 a awa guda. Raba da 2,400, ka samu kubik mita 45 a awa. Ƙaramar fankar nan ta cikin tsohuwar kwamfuta, mai faɗin santimita 8, wadda ke aiki da bolt 12, kusan abin da take turawa ke nan, kuma wutar da take sha ba ta wuce wat 2 ko 3 ba. Masu gyaran kwamfuta suna da su a jibge. Ka ɗaura ta a kafar sama tana zuƙo iska waje. Kada ka juya ta tana hura tsirrai kai tsaye, musamman da hunturu, don busasshiyar iska za ta ƙone musu bakin ganye. Ɗan kaɗawar da ganye zai riƙa yi a hankali ya wadatar, yana ma da amfani: tsiron da iska ke ɗan girgizawa yakan yi gajere mai kaurin kara, wanda bai taɓa motsi ba kuma ya yi lange-lange.

Da ɗan yayata ya sa wannan lissafi a kan wat 120 ɗinsa, sai ya ga fanka huɗu yake buƙata. Nan ya yarda ya sauya ƙwayayen.

Wata dabara mai sauƙi: tunda zafin LED ta gindi yake fita, ka huda rufin akwatin yadda kan ƙwan zai leƙo ciki, gindinsa da mariƙinsa su zauna a waje. Wani kaso na zafin bai ma shiga ba ke nan.

Wannan batu na iska har sararin samaniya ya bi mutane. A 2014 hukumar NASA ta Amurka ta aika wani ɗan akwatin noma mai suna Veggie zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai fitilun LED ja da shuɗi da kore. A watan Agustan 2015 'yan sama jannati, ciki har da Scott Kelly, suka ci jan latas ɗin da aka noma a cikinsa. A can, tunda komai shawagi yake ba nauyi, iska mai zafi ba ta hawa sama. Tana nan maƙale da ganye inda aka haife ta. Dole fanka ta riƙa jan iska ta cikin akwatin, in ba haka ba tsiron ya shaƙe da numfashinsa.

Inda fanka ta gaza

Ga abin da ya kamata ku riƙe da kyau: fanka ba ta sanyaya iska. Musanya ta kawai take yi. Idan ɗakin da akwatin yake digiri 41 ne, ko fanka goma ka sa, akwatin ba zai sauka ƙasa da 41 ba. Saboda haka zaɓen ɗaki ya fi sayen fanka muhimmanci. Ɗakin kwano marar silin shi ne mafi muni. Ɗakin laka mai kaurin bango, wanda rana ba ta dukansa da yamma, shi ne gwani, kuma a ƙasa za a ajiye akwatin, ba kan kabad ba. Idan gidanku duk bulo ne da kwano, nemi ɗakin da inuwar darbejiya ke rufewa.

Abin da ke iya sauko da zafi ƙasa da na ɗaki, ba tare da na'ura mai tsada ba, ruwa ne. Kun san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, kuma kowace lita guda da ta zama tururi tana tafiya da zafi kimanin jul miliyan 2.4. Wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, a kan wannan ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Kayan miyan da ke yanƙwanewa cikin kwana uku sai su yi makonni. Ya raba dubban tukwanen a ƙauyukan Jigawa, kuma a shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Mu gwada lissafin da akwatinmu. Fitilar wat 30 da ta yi awa 14 a kunne ta zuba jul kusan miliyan 1.5. Ke nan ƙasa da lita guda ta ruwa, idan ta bushe a inda ya dace, ta isa ta kwashe zafin fitilar na yini guda cur. Inda ya dace shi ne bakin kafar shiga. Ka rataya guntun buhun algarara a gabanta, gindinsa a cikin kwanon ruwa don ya riƙa tsotsa, iskar da fanka ke jawowa ta ratsa shi kafin ta shiga. Za ta shiga da sanyi da ɗan danshi, abu biyun da tsiro ke nema a watan Maris da Afrilu, ƙura kuma ta maƙale a buhun.

Amma dabarar tana da lokacinta. Tana aiki ne idan iska busasshiya ce. A watan Agusta, lokacin da wanki ke kwana biyu a igiya bai bushe ba, jiƙaƙƙen buhu ba zai sanyaya komai ba, laima kawai zai ƙara, ya gayyato cutar da muka ambata. Da damina ka cire buhun, ka buɗe kafofi, ka rage ban ruwa.

Dare ko rana?

Tsiro bai san agogo ba. Abin da ya sani shi ne haske ya zo, haske ya tafi. Ƙananan tsirrai suna son haske na awa 14 zuwa 16, sannan duhu na awa 8 ko kusa da haka. Duhun dole ne. Tumatir musamman, idan aka bar masa fitila ba kashewa, ganyensa kan yi ɗige-ɗigen rawaya ya lalace.

Tunda haka ne, kana iya juya masa yini. Ka kunna fitila da Magariba ka kashe da ƙarfe takwas na safe, zafin fitila ya faɗa a lokacin da gari ya yi sanyi, maimakon ya haɗu da na tsakar rana. Da hunturu ma wannan tsari ya fi, don a daren Disamba da Janairu ɗumin fitilar alheri ne ga tsiron. Sai dai kada a manta da akwatin da rana don an kashe fitila. Tsiron da ke zaune cikin duhu da zafi yana ƙona abincin da ya tara ne ba ya haɗa sabo, don haka fanka da jiƙaƙƙen buhu su ci gaba da aiki har yamma.

Wahalar tsarin dare ita ce wuta. Idan sola kuke amfani da ita, da rana take bayarwa, da dare sai batir. Wat 30 sau awa 14 ya ba da wat-awa 420, fanka kuma ta ƙara kamar 50. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Wato lambunka zai cinye kusan duk abin da batirin gidan ke iya bayarwa a dare guda. Kafin ka jona waya, je ka durƙusa ka gaya wa Baba, in ba haka ba ranar da fankar ɗakinsa ta tsaya da ƙarfe biyu na dare, kai da tumatirin duk waje za ku kwana. Mai ƙaramin ƙarfi ya rage girman akwatin: ƙwai biyu masu wat 9 sun isa faranti guda na tsirrai.

Batun tsaro ba na wasa ba ne, don kwali da busasshiyar iska da wayar da aka murɗa da hannu haɗin gobara ne. In da hali a yi akwatin da katako. A yi amfani da ƙwayaye masu bolt 12 irin na sola, don wutar NEPA mai bolt 230 kusa da kwanon ruwa tana kisa. Duk wani haɗin waya ya kasance a sama, a waje, an naɗe shi da kyau, kuma wani babba da ya san aikin wuta ya duba. Batir kada ya zauna cikin akwatin ko a rufaffen lungu, saboda idan yana caji yakan fitar da iskar haidirojin mai kama wuta.

Tazara, da karanta tsiro

Nisan fitila da ganye shi ne abin da za ka yi ta gyarawa kullum. Haske yana raguwa da sauri idan aka yi nisa: ka ninka tazara biyu, abin da ke isa ganye daga ƙwai guda ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga ƙwan LED na gida, fara da santimita 15 zuwa 20. Sa bayan hannunka daidai kan ganye na rabin minti. Idan ka ji zafin da ya dame ka, ya dami tsiron ma. Ka liƙa farar takarda a bangon ciki don hasken da ya kauce ya dawo.

Tsiron da kansa zai gaya maka. Idan ya yi tsawo siriri, fari-fari, yana miƙa wuya, haske ya yi masa kaɗan ko dare ya yi masa zafi. Idan ganyen sama ya naɗe gefensa ya yi kamar kwale-kwale, ko ya koɗe, fitila ta matso da yawa. Idan ya yi laushi alhali ƙasa a jiƙe take, kada ka ƙara ruwa. Zafi ne ko saiwa ta fara ruɓewa. Gwangwanin da ba a huda gindinsa ba ya kashe tsiro fiye da fari.

Ku nemi aron ma'aunin zafi na ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Na asibiti ba zai yi ba, don tsakanin digiri 35 da 42 kawai yake karantawa. Ku rataya shi daidai tsayin ganye, ku kare shi da 'yar takarda daga hasken fitila, ku rubuta abin da ya nuna da asuba, da azahar, da bayan Isha'i, a ciki da wajen akwatin. Mako guda da fanka, kwana biyu da buhu, kwana biyu ba buhu. Wannan teburin lambobi, idan ƙungiyar kimiyya ta makarantarku ta tsara shi da kyau, ya fi kwalin da aka yi wa ado da fenti daraja a gaban alƙalan gasa.

Ba kowane iri ke buƙatar wannan gata ba. Zogale, darbejiya, bagaruwa da dakwara 'ya'yan zafi ne. Masu renon itatuwa, har da na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Jigawa ke cikin jihohi 11 da yake ratsawa a Najeriya, a waje suke renonsu cikin baƙar leda, ƙarƙashin inuwa marar kauri wadda iska ke wucewa ta ko'ina. Rumfar kara ko ta zana mai tsayin ƙugu, a buɗe ta gefe huɗu, ita ce asalin akwatin da muke ta lissafi a kai, sai dai fitilarta ba a biyan kuɗinta.

Daga kwali zuwa fangali

Ɗan yayata ya sake shuka a farkon Mayu, wannan karon attaruhu, a ɗakin laka na kakarsa, da ƙwan LED uku da fankar kwamfuta da guntun buhu. Sun fito sun yi kyau. Sai ya yi kuskure na biyu: da suka yi ganye shida, ya kwashi rabinsu da hantsi ya jera a tsakar gida don su sha rana. Kafin La'asar ganyensu ya yi fari fat kamar takarda. Tsiron da ya tashi a ƙarƙashin wat 30 bai san rana ba, fatar ganyensa ba ta yi kauri ba.

Sauran rabin a hankali aka saba musu. Ranar farko awa ɗaya da sassafe a gindin darbejiya, washegari awa biyu, a riƙa ƙarawa ana matsar da su bakin inuwa, ana ɗan rage ruwa, har kwana goma. Bayan ruwa na biyu ya sauka aka dasa su da yamma, aka kafa wa kowanne ɗan reshe mai ganye ta yamma da shi don inuwar kwana uku na farko. Ashirin da uku suka kama. Ya kai wa 'yan ajinsu goma, kakarsa ta riƙe sauran a matsayin kuɗin hayar ɗaki.